Famfon da ke Ƙarƙashin Makara

Yayana ya rasu a asibitin Azare da tsakiyar damina, a shekarar da kogi ya yanke hanyar ƙauyenmu. Ya bar wasiyya a kwantar da shi kusa da mahaifinmu, a kan tudun da ke ƙetaren ruwa, bayan Katagum. A gidana aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi da hantsi, sa'an nan muka ɗauko shi a mota har bakin fito.

Jirgin fiton na katako ne, mai inji a baya, kuma ya tsufa har yana shan ruwa ta haɗin allunansa. Ni na sa masa famfo da rani, domin na ƙare aikina ne a ma'aikatar ruwa, kuma ban taɓa ɗaura famfon da ya kunyata ni ba. Famfon yana zaune a can gindin jirgi, ƙarƙashin katakon da ake takawa. A gefensa akwai wata 'yar roba mai kama da ludayi, wadda take kwance idan gindin ya bushe. Da zarar ruwa ya taru ya ɗaga ta, sai famfo ya kama da kansa, ya tofar da ruwan waje. Tun daga ranar da na haɗa shi, mai fito ya daina ajiye ƙwaryar kwasa.

Mai fiton nan tsoho ne, Babarbare daga Yobe, ni kuwa Bafulatani, saboda haka tsakaninmu sai wasa. Ko a ranar bai fasa ba, sai dai ya rage murya.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Shiga a hankali, bawana, wannan ba garken shanu ba ne."

"Ja jirginka, tsoho. Ka ga wanda muka ɗauko."

Aka kwantar da makarar a tsakiyar jirgi bisa itatuwa biyu da aka gitta, har ya rage tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da katakon ƙasa. Liman ya zauna wajen kai, ɗan marigayin na fari, magidanci ne mai furfura, ya zauna wajen ƙafa. Muka tashi.

Ban taɓa ganin kogin nan ya yi faɗi irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin ya yi shiru haka ba. Hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, amma ko ɗigo bai zubo ba. Babu iska, babu tsuntsu. Muka riƙa ratsa gonakin dawa, kawunanta kaɗai ke leƙowa, suna sunkuyawa idan mun wuce. Ba wanda ke magana, don ba a hira a gaban gawa.

Cikin shirun nan na lura da abin da ban ji ba. Ya kamata a ce famfo ya yi gurnani tun muna kusa da gaɓa. Na dubi ƙasa, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa ta tsakanin katako, ya fara lasar takalmin Liman. Idan ya ci gaba da hawa, zai kai ga tabarmar da aka naɗe yayana da ita, ya jiƙa likkafani. Mu kai shi gaban mahaifinmu jiƙe da ruwan taɓo, wannan ba zan iya ɗauka ba.

Na lallaɓa zuwa baya inda batir yake. Na girgiza kawunansa, a ɗaure suke tamau. Na goga waya, wuta ta yi tartsatsi, ashe batir da ransa. Na zare fiyus na ɗaga shi sama, zarensa bai tsinke ba. Saura abu biyu ke nan, famfon kansa da 'yar robar da ke tashe shi, kuma dukansu suna ƙarƙashin ɗan murfin da ke daidai ƙirjin mamacin. Jirgin ya yi ƙunci, ba halin a gusar da makara a tsakiyar ruwa sai an kife.

Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Liman, na kwanta ta gefe a cikin ruwan, na zura hannu ƙarƙashin makara. Fuskata ta zo dab da kafaɗar yayana. Ƙamshin turaren da muka fesa masa ya cika mini hanci. Na ture murfin da yatsu, hannuna ya nutse har gwiwa cikin ruwa mai sanyin da bai dace da damina ba.

Na laluba bakin famfo, babu ciyawa, babu tsumma. Na matsa wajen robar. A maimakon santsinta, sai yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi, kumburarre, kamar naman da ya kwana cikin ruwa. Na daure na sake shafawa, na ji ɗinki a gefensa, da igiyar fata da aka naɗa. Laya ce, babba, ta sha ruwa ta yi nauyi, ta danne robar a ƙasa.

"Tsoho," na ce, "wa ya ɗaura laya a jikin famfona?"

Ya rage wutar inji. "Ni ne, Alhaji. Kowane jirgi da tasa, a wurin da ya fi zurfi. A da ƙusa nake bugawa in rataya. Da ka zo ka sa abinka a wurin, sai na ga ga maɗauri an kawo mini."

"Ba ni wuƙa."

"Ba zan ba ka ba." Wasan ya fita daga muryarsa ƙaf. "Dubi inda muke."

Na ɗaga kai kaɗan na leƙa ta gefen jirgi. Kan wata tsamiya ne a tsaye cikin ruwa, na kuwa gane ta. Tsohuwar maƙabartar gangare ce muke bi ta kanta, wadda kogi ya shanye tun farkon damina.

"Ba a kwance ɗauri a nan," in ji shi. "Bana ruwan bai ɗauki kowa ba tukuna. Ga shi mun zo masa da mutum har gida."

Liman ya ce, "Subhanallahi, bar wannan magana," amma a hankali ya faɗa, bai kuma ce a yanke ba. Ɗan marigayin ya dube ni, idanunsa jajur. "Baffa, ruwa ya kusa taɓa shi."

Ban yarda da layar ba, har yau ban yarda ba. Amma mutumin da ke riƙe da inji ya yarda da ita, kuma rayukanmu a hannunsa suke. Sai na tallafo robar da layar gaba ɗaya a tafina, na ɗaga su sama. Famfo ya yi tari, ya yi gurnani, ruwa ya fara feshi ta gefen jirgi.

Haka na kwanta har ƙarshen fiton. Idan hannuna ya gaji ya sauka, famfo ya mutu, shirun nan ya dawo, sai in sake ɗagawa. Layar tana motsi a tafina duk lokacin da jirgi ya karkata. Na gaya wa raina ruwa ne ke kaɗa ta. Makara kuma tana ɗan gogar kafaɗata, sannu-sannu, yadda mai barci ke juyi. Ban ɗaga ido ba, na yi ta karanta abin da ya sauwaƙa har na ji gindin jirgi ya gurji yashi.

Mutanen ƙauye suna tsaye a gaɓa. Aka ɗaga makara daga kaina, sa'an nan aka ɗaga ni, domin hannuna ya sandare, ya ƙi miƙewa. A bakin kabari, da aka warware tabarma, Liman ya bi likkafanin da tafinsa daga kai har ƙafa, ya juyo ya dube ni.

"A bushe yake, Alhaji."

Da hannu ɗaya na zuba wa yayana ƙasa.