Gidan da Ba a Shiga

Shekarar da aka yi ta kashe Ibo a Funtua, maƙwabciyata mai sayar da manja ta faɗo gidanmu da goyo a bayanta. Na tura ta ƙuryar ɗakina, hankalina kwance, domin gidan matan aure ne, maza ba sa shiga. Masu sanduna da suka biyo ta kuwa suka tsaya cak a zaure. Duk haukansu, kunya ta riƙe su.

Ƙanin mijina ne ya ratso su. Shi ɗan gida ne, wa zai hana shi? Ya ɗaga labulena ya ce, "Yaya, fito da ita." Na ƙi, ya ja ta waje da hannunsa. Ban ƙara ganinta ba.

Har ya mutu ban sake amsa sallamarsa ba.