Fentin da aka yi wa gitar Ɗangoma

Ɗangoma ɗan Tanne bai taɓa shiga lakkol ba, ni kuwa shekara shida na yi a makarantar Mishan ta Yamai, amma tun 1975 ban yi aboki kamarsa ba. A shekarar aka turo ni Filinge koyarwa. Na tarar da shi saurayi dogo, ɗan makiyaya daga wajen Damana. Labarinsa na farko da na ji shi ne ubansa ya aike shi kasuwar Baleyara ya sayar da bijimi, shi kuwa ya zarce Yamai da kuɗin, ya komo da gita. Sai da aka yi damina biyu kafin tsohon ya sake amsa gaisuwarsa.

Bas ake ce wa irin wannan gita. Tsirkiyarta huɗu masu kauri, wuyanta dogo, muryarta can ƙasa, a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Hannun wani makaɗi ɗan Gana ya saye ta, wanda guzuri ya ƙare masa a hanya, kuma ko a lokacin tsohuwa ce. Ƙirar Amirka ce, ja a tsakiya, baƙa a gefe, da sunan kamfani a kanta da ruwan zinariya. A bayanta, inda wuya ya haɗu da jiki, akwai ɗan faifan ƙarfe mai lamba. Na kwafe lambar a littafina ranar 9 ga Nuwamba, don ɗabi'ata ce rubuta abu.

Su bakwai ne a ƙungiyar kiɗa ta samariya. Sauran suna kwaikwayon abin da suke ji a rediyo. Ɗangoma kuwa kiɗan gogen 'yan bori na ƙauyukan Kurfai, ƙasar da Filinge take ciki, wanda ya tashi cikinsa, shi ya ɗora wa tsirkiyoyin nan huɗu. Ina wurin ranar da wata tsohuwa mai sayar da nono ta ajiye ƙwaryarta a dandali, ta faɗi tana birgima gaban manyan gari, don kiɗan ya kira abin da ke kanta. Aka ce ya daina. Bai daina ba, rage murya kawai ya yi.

Sannan kaset ta zo, bayanta masu manyan akwatunan kiɗa. Masu biki suka ga babu dalilin ciyar da mutum bakwai. Na'urar ƙara sautinsa ta ƙone a 1991, bai sami wata ba. Ya kafa tebur gindin dogon yaro a bakin kasuwa, yana gyaran rediyo, gitar tana rataye a ɗakinsa cikin buhu. Shekara talatin yana saukar da ita kowace Juma'a bayan la'asar, ya kaɗa ta haka nan ba lantarki, daga shi sai ni muke ji.

A bazarar 2022 idonsa na hagu ya mutu. Likita ya ce na dama ma yana bin sawu, amma ana iya ceto shi in an yi aiki a Yamai cikin wata uku. Aikin da zaman jinya za su ci jika ɗari huɗu, wato sefa dubu ɗari huɗu. Mai gyaran rediyo a zamanin salula ba ya da jika arba'in.

Ɗiyarsa Habsatu, wadda ke toya ƙosai tana riƙe gidan, ita ta ɗauki hoton gitar ta watsa a waya. Kwana biyu sai ga kira daga wani Kamal, ɗan Yamai mai saye wa Turawa tsofaffin kayan kiɗa. Ya nemi hoton kai, da na baya, da na lambar. Da ya gani ya ce jika ɗari tara, kuma zai zo da kansa nan da kwana goma. "Ku ajiye mini ita," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na je da safe na tarar da Ɗangoma ya ɗora ta bisa cinya, yana kusantar da ita ga idonsa mai rai. Fentin ya tsattsage kamar busasshen tabki. Inda hannunsa ke gogawa itace ya fito fili, ƙarafan duk sun yi tsatsa.

"Mushe," ya ce mini, don haka ake kiran malamin lakkol a wajenmu, "ka taɓa ganin an kai rago Baleyara da ƙazanta a gindi?"

Na ce ban taɓa ba.

"To. Wanke shi ake, a shafe ƙaho da mai. Yaron mutane shina zuwa tun daga Yamai da jika ɗari tara, in miƙa mishi wanga abu kamar tsohon turmi? Ai sai ya ce Kurfayawa ba su san girman baƙo ba."

A nan ne ya kamata mai ilimi ya ce a dakata, a tambayi mai saye. Ni kuwa abin da na ce shi ne a Mishan ma littafi mai dauɗa rabin maki ake ba shi. Na faɗi wannan, ya yi dariya, kuma har yau ina jin muryata tana faɗa.

Aka kai ta wurin Tahiru mai fentin baburan kabu-kabu. Habsatu ta sayar da tunkiyarta aka biya shi. Ba zan zalunci Tahiru ba, aiki ya yi tsakaninsa da Allah, kwana shida. Ya warware ta gaɓa-gaɓa. Ya kankare tsohon fenti har ya kai ga farin itace, ciki da waje. Ya sa inji ya goge faifan ƙarfen har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ya fesa mata kore mai sheƙi, shafi uku. A kai, inda sunan kamfanin ya dusashe, ya rubuta ƊANGOMA BAS da kyakkyawan hannu, kyauta.

Kamal ya iso ranar Talata da hantsi. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gai da mu. Habsatu ta kawo fura. Ɗangoma ya sa babbar rigarsa, ya yaye zanen da aka lulluɓe gitar da shi da hannunsa.

Yaron ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Baba, ina wadda na gani a hoto?"

"Ita ce gabanka, ɗana. Wanka ta yi."

Ya juya ta, ya ga faifan fes babu lamba. Ya roƙi izini ya kwance wuyan, ya ce masu ƙira sukan rubuta kwanan wata da fensir a gindinsa. Ya kwance. Kore ne a can ma.

Na ɗauko littafina na buɗe masa shafin 9 ga Nuwamba, 1975. Ya karanta, ya mayar mini da hannu biyu.

"Rubutunka yana da kyau, Baba. Amma Bature ba zai sayi littafinka ba. Tsatsar nan da kuka goge, da tsagar fentin, da wurin da hannunsa ya cinye, su ne shaidar shekarunta. Su ake biya. Yanzu in na ce musu ta shekara sittin ce, wa zai yarda? A kasuwar Yamai akwai sababbin 'yan Sin masu wannan sheƙin."

"Mi ya hana ka ce kar a taɓa?" in ji Habsatu daga bakin ƙofa.

"Hajiya, ban zaci akwai wanda zai taɓa ba."

Ɗangoma ya ce a mayar da wuyan. Kamal ya mayar, ya jona ta da wata ƙaramar na'ura da ya zo da ita. Karo na farko tun 1991 aka ji muryarta sosai a Filinge. Tsohon ya kaɗa kiɗan nan na mai nono. Yatsunsa ba su manta komai ba, har fura tana rawa cikin ƙwarya.

"Muryar ta canza?" ya tambaya.

"Ba ta canza ba, Baba. Ban taɓa jin irinta ba."

"To, mi kake saye?"

"Ba murya suke saye ba."

Ya taya jika saba'in, ya ce don ƙarafan ciki da ba a taɓa ba. Na lura idonsa bai bar gitar ba yana faɗa, kuma har gobe ban sani ba ko gaskiya ya gaya mana duka ko rabi. Ba mu da wani da za mu tambaya, wata ɗaya kuma ya riga ya wuce cikin ukun. Habsatu ta dubi ubanta. Ya ce a ba shi.

Jika saba'in ta kai su Yamai, ta biya awo da maganin ɗigawa na wata biyu, ta komo da su gida. Kafin a yanke gero idon dama ya rufe.

Har yanzu ina zuwa ranar Juma'a bayan la'asar. Buhun yana nan rataye, ba a sauke shi ba. Bai taɓa tuna mini maganar rabin maki ba, ni ma ban taɓa iya tayar da ita ba. Makon jiya ne ya ce, yana fuskantar bango:

"Mushe, kai da ka gani da ido biyu. Ya yi kyau dai, fentin?"

Na ce ya yi kyau.

"Haka na gani," ya ce. "Tahiru ya iya aiki."