Inna Riku da Mutanen Kwalekwale

Uwar mijina, Riku, mai dafa gishiri ce. Tun tana yarinya take ɗibar ruwan teku a kafaɗa, ta watsa a rairayi, ta tace, ta dafa. Teku ta cinye mata miji tun ɗanta ɗaya tilo, Sakuzo, yana goye. Da ya girma aka ɗauke shi sojan ruwa, aikinsa zuba gawayi a injin jirgin yaƙi. Wata huɗu da aurenmu yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasarmu Japan da Rasha, ya bar mu mu biyu a gida.

Inna ba ta karatu, ni ke karanta mata wasiƙunsa. Da na kai ƙarshe sai ta kira sunana ta ce, "Sake, Tome. Kin tsallake wani wuri." Gani take ina ɓoye mata wani abu.

Ƙarshen watan Mayu na shekara ta biyu, muna girbin sha'ir, rana ta karkata, sai muka ji rugugi daga yamma, ta can cikin teku. Tagogin takarda na gidaje suka kama rawa. Inna ta ajiye laujenta.

"Tsawa ce, Inna," na ce.

"Tsawar da ba ta hutawa? Yi mini shiru."

Kwana biyu ana wannan rugugi na bindigogin jiragen yaƙi. Ba ta kunna wutar gishiri ba, abinci ma sai ta kai baki ta mayar. Tana tsaye a bakin ruwa tana duban katakai da hulunan da igiyar ruwa ke kawowa, kowace hula sai ta juya ta, ko ta Sakuzo ce.

Da hantsin kwana na uku aka buga ƙararrawar ɗakin ibada. An hango kwalekwale cike da Rashawa. Mai gari ya umarci mata su hau dutse, tsofaffin maza suka fito da mashin kifi. Ni na riƙe hannun rigar Inna, ita kuwa ta nufi ruwa.

Maƙwabciyarmu Mine ta tsaya da ƙunshinta a baya. "Riku, tsufa ya taɓa miki kai? Yanka ki za su yi."

"Dube su da kyau. Wanda ya zo yanka mutane ba ya tuƙi da ɓallen katako."

Su goma sha ɗaya ne, dogaye, baƙin hayaƙi ya rufe musu fuska. Biyu ba sa motsi. Wani mai jan gemu ya ɗaga hannuwa sama, fatar ta saluɓe har gwiwar hannu. Inna ta daɗe tana kallon hannuwan. Ta san ƙunar tururi, Sakuzo ya taɓa ba ta labari.

"Kawo man shafawa da tsumma," ta ce da ni. "Ki ɗora shinkafa."

Tana ɗaure masa hannu Mine ta dawo. "Wataƙila shi ya kashe miki ɗa, kina masa gata."

Hannun Inna ya tsaya.

"Wataƙila," ta ce. "Riƙe mini bakin tsumman nan."

Mine ta riƙe. Inna ta yi ta faɗa wa mutumin sunan jirgin Sakuzo, tana nuna teku, tana nuna ƙasa da yatsa, tana son sanin ko ya nutse. Bai gane ba, ya yi ta gyaɗa kai don ladabi. Wannan gyaɗa kai ya fi komai tayar mata da hankali.

Da yamma 'yan sanda suka tafi da su. Labarin nasara ya iso, gari ya cika da tutoci, mu dai ba wasiƙa. Kwana goma sha tara Inna tana tarbar ɗan aike a bakin gada. Wasiƙar da ta zo daga asibitin sojoji ce, ba rubutun Sakuzo ba, wani ya rubuta masa. Yana raye, amma kunnensa na hagu ya mutu, yatsu biyu sun tafi.

Da kaka ya dawo. Inna ta koya masa dafa gishiri, ba ta ƙara barinsa ya taka jirgi ba, ko na kamun kifi. Ta rayu har ta ga jikoki biyar. Ranar da za ta rasu ma faɗa take masa a kan ɗanyen itacen da ya tura a murhu.