Kujerar Baƙon Yaya Garba

Ku da kuka san Yaya Garba, ai kun san kujerar nan. 'Yar guntuwar kujerar katako, irin wadda muke zama a kai a bakin murhu. Mutum farfesa guda, a jami'a yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, a asibiti yana ganin masu fama da damuwa, amma duk inda za shi tana maƙale a hammatarsa. Kuma ba mai zama a kanta! Shi kansa ba ya zama. In ka je masa da fushi ko fargaba, sai ya dire ta a gefenka ya ce, "Ka zo da baƙo. Ba shi wuri ya zauna. Kada ka kore shi, kada kuma ka ba shi makullin gida." Iyakar maganin ke nan fa: abin da ya taso maka a zuciya ka dube shi, ka kira sunansa, ka ja numfashi, ka tashi ka yi abin da ya kamace ka. A kan wannan aka ba shi farfesa, jama'a!

Ni ƙanwarsa ce, autar gidanmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau a Dilimi. Kuma bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: ina kishin kujerar nan, ina kishin duk wanda aka taɓa ajiye wa ita. Duk garin Jos ba wanda Yaya bai saurara ba, ban da ni. Ni in na zo da tawa damuwar, dariya zai yi ya ce, "Auta rigima!" Wata rana na ja kujerar na zauna zan gyara alayyahu, sai ga shi kamar an jefo shi.

"Tashi, Auta! Wurin baƙo ne."

"To ni fa?"

"Ke 'yar gida ce."

'Yar gida! Wato mu 'yan gida sai ƙasa.

Tunda matarsa ta rasu, ni nake kai masa abinci gidansa a unguwar Dutse Uku duk Asabar, ranar da ɗalibansa ke taruwa a tsakar gidansa. Kun dai san abin da yake tarbarsu da shi: dabino, kowa ƙwara ɗaya. Shi ma ba a ci sai an ba da izini. A juya shi a tafin hannu, a duba, a shinshina, har kunne ake kai shi wai a saurara. Yara sun taso tun daga Kabong da yunwa, sai rana ta take sannan a ce kowa ya gutsura. Shi ya ce darasin tattara hankali ne. Ni na ce rowa ce aka yi wa digiri.

Haka yake yi wa gwatena. In tashi in wanke acca, in daka gyaɗa, in zuba yakuwa da gauta, in sha hayaƙi. Ya ɗebi cokali ɗaya, ya rufe ido.

"Na ji tsami. Na ji gyaɗa. Na ji zafi a gefen harshe."

"Yaya, da daɗi ko ba daɗi?"

"Ba a yanke hukunci, Auta. Lura kawai ake yi."

Na haƙura, na ce halinsa ne. Sai Allah ya kawo Bose.

Bose ɗalibarsa ce, Bayarabiya, 'yar nan Jos, ita ke taya shi bincike. Yarinya mai ladabi har abin ya yi yawa. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Anti, sannu da aiki," ni kuwa in ji kamar ta zage ni, don shi "'yata" yake ce mata. Ran nan ta zo da alale a ganye. Yaya ya gutsura, ko ido bai rufe ba, sai ji na yi ya ce, "Kai! Wannan da daɗi yake!"

Na dire kwano. "Yaya, ashe ana yanke hukunci?"

Ya lashe yatsa. "Wani lokaci hukuncin ne ke zuwa da kansa. Shi ma baƙo ne, ba a korarsa."

Wallahi ranar da gwatena na koma gida.

Sai kuma ranar sunan jikata. Ya ce zai kai ni a tsohuwar motar nan tasa da sai an yi mata addu'a take tashi. Na ci ado, ga kular shinkafa a cinyata. Mun shigo cunkoson kasuwa ke nan wani mai keke, irin mai ƙafa ukun nan, ya dirka mana ta baya. Maimakon ya ba da haƙuri, ya fito yana zage-zage, jijiyar wuya a waje. Na ce yauwa, yau zan ga fushin Yaya. Ina! Ya fito a natse, ya buɗe bayan mota, ya ɗauko kujera ya dire a bakin titi.

"Samari, a ina kake jin fushin nan a jikinka? Ƙirji ko ciki?"

Yaron ya yi turus. "Oga, lafiyarka kuwa?"

"Ƙalau. Ƙirji ko ciki?"

Ku yarda da ni, kafin a jima ƙaton nan yana zaune a kan dakali yana sharɓar kuka, wai mahaifiyarsa na kwance ba lafiya, ya rasa inda zai sa kansa. Yaya na gefe yana gyaɗa kai, kujera a tsakaninsu ba kowa. Ni ina cikin mota kwalliya tana narkewa. Na leƙo na ce, "Yaya, ni a kunne nake jin nawa, hayaƙi ke fita!" Ko waiwayowa bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga mini. Da muka isa gidan suna har an fara naɗe tabarmi. Asabar ta gaba kuwa sai ga mai keken a tsakar gida da dabinonsa a kunne, ya zo da abokansa. Da su Yaya ya yi binciken fushin direbobi da ake ta yabo. Ba wanda ya rubuta cewa shinkafata ta yi sanyi.

Daga nan na ce to, tunda sai marar lafiya ake saurara, ni ma na kamu. Na shirya na tafi asibitin da yake zama, na yanki kati, na bi layi kamar kowa. Da aka kira ni na shiga na zauna na haɗe rai. Ya ɗago kai, ya cire tabarau.

"Auta, me ya kawo ki?"

"Damuwa. Ga katina. A ajiye mini kujera."

Ya dubi kujerar, har na ga kamar zai miƙa hannu. Sai ya girgiza kai.

"Ƙa'idar aikinmu ta hana. Likita ba ya duba jininsa. Amma kada ki damu, zan haɗa ki da wadda na fi yarda da ita."

Kun san ko wace ce. Aka kai ni ɗaki na gaba, ga Bose da farar riga tana murmushi.

"Anti, ka saki jiki. A ina ne kana jin abin?"

Na ce, "A ido nake jinsa, kuma ke yake kallo."

Yarinyar nan ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi, "Madalla, Anti, ka gane baƙonka." Har yau ban yafe mata wannan ba, don gaskiya ta faɗa.

Da ciwo ya kwantar da shi a damina, gidan ya koma kamar kasuwa. Ɗalibai, malamai, masu keke, mutanen coci da na masallaci, kowa da labarin yadda Farfesa ya ajiye masa kujera. Ni ina kicin ina dama kunu ina jin su, raina na tafasa. Na ce wato ko a nan ma sai na bi layi.

Wata la'asar ana yayyafi, sanyin Jos ya sauko, na shiga da kunu. Ɗakin cike, Bose na kusa da kansa, kujerar tana gefen gado ba kowa kamar kullum. Ya rame har ban so kallon wuyansa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ɗan ba mu wuri." Na juya zan fita tare da su, don na saba.

"Ba ke ba, Auta."

Aka watse. Ya daɗe yana kallon kujerar.

"Na yi baƙo," ya ce. "Tsoro ne. Kullum ina ba shi wuri, kamar yadda nake koya wa mutane, yana kuma zama. Amma yau na gaji da fuskarsa. Ya tsaya a tsaye. Zo ki zauna."

"A kujerar baƙo?"

"'Yar gida nake so."

Na zauna. Ashe ma ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, sai rawa take yi. Ya kama hannuna, na ba shi kunu a cokali, ya rufe ido. Na ce a raina, to, za a fara lissafin tsami da gyaɗa.

"Da daɗi," ya ce. "Gwaten ma da daɗi. Kullum da daɗi. In na faɗa, me za ki zo ki yi mini faɗa a kai ranar Asabar?"

Na yi kuka na yi dariya, na ce Allah ya isa tsakanina da shi, shi ma yana dariya har da tari. Amma duk da hawayen sai da na miƙa ƙafa na tura ƙofa ta ɗan buɗe, don Bose ta ga inda nake zaune. Ta kuwa gani.

Bayan rasuwarsa ta zo har shagona, ta durƙusa, wai a ba ta kujerar ta ci gaba da koyarwa da ita. Na ce ga kafinta can a bakin layi. Na dai zuba mata gwate, muka ci muna kuka. Kujerar tana nan gefen kekena, kuma ban ƙara zama a kanta ba, don tun ranar da aka fita da Yaya na yi baƙon da ya ƙi tafiya. Na ba shi wuri, makullin dai yana hannuna.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya yafe masa rowar dabino. Yadda bai taɓa korar baƙon kowa ba, ya Allah, ga shi nan ya zo maka baƙo. Ka ba shi wuri ya zauna. Amin.