Yadda Na Koya wa Baba Ƙetare Titi

Ni ce na koya wa mahaifina ƙetare titi, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin bakina.

Shekarar babban fari ce, lokacin mulkin soja. Ina aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, a Yamai, ina zaune a unguwar Gamkalle da mijina. Labarin ƙauyenmu na yankin Tawa ba daɗin ji: shanu sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane sun koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Sau uku ina aikawa Baba ya taho yana ƙi, sai a na huɗu ya yarda. Ranar da ya sauka a tasha, rigarsa kamar an rataya ta a jikin sanda. A raina na rantse, tunda ya shigo hannuna, yunwa ba za ta kashe shi ba.

Baba ba mai zaman banza ba ne. Ko sati bai yi ba ya sami wani Bazabarme mai lambu a bakin kogi, yana taya shi ban ruwa. Tsakanin gidanmu da lambun akwai mararraba mai wutar ba da hannu, kuma a nan rigimarmu ta fara. Baba bai kallon wutar sam. Sai ya tsaya, ya karkata kai yana saurare, har sai ya daina jin ƙarar injin kowane iri, sannan ya tattare riga ya sheƙa a guje. Masu tuyar ƙosai a bakin titi su yi ta ƙyalƙyala dariya. Wata ma ta ce mini, "Madam, tsohon naki tsere yake koyo?" Kunya ta kama ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi.

Ranar Lahadi na kama hannunsa na kai shi wurin.

"Baba, ku dubi can sama. In ta yi ja a gefen motoci, dole su tsaya. Sai ku wuce a hankali kamar kowa. Ku daina wannan gudun, ku daina sauraren ƙarar mota. Wutar kawai za ku kalla."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "To, ita motar ta san da wannan magana?"

"Haba Baba! Doka ce fa. A zamanin nan na soja wa ya isa ya karya ta?"

Ya ce, "To, ɗiyata. Ke kika yi boko."

Wallahi na san da zancen kamiyo, manyan motocin nan masu ɗaukar hatsin taimako. Kowa a unguwar ya sani. Suna fitowa daga manyan ɗakunan ajiya shaƙe da buhuna, su nufi arewa, soja ɗaya zaune a bisa kaya da bindiga. Ba su tsayawa a jar wuta. Wasu na cewa nauyi ya fi ƙarfin birki, wasu na cewa in sun tsaya mayunwata kan huda buhunan da wuƙa. Ɗan sandan wurin kuwa in ya hango su sai ya juya baya yana gyara hula. Mu ƴan gari muna kallon wuta, amma wutsiyar idonmu na kan hanya, ba mu ma san muna yi ba. Rabin da na iya faɗa da baki shi na koya wa Baba.

Ya yi kwana goma yana ƙetarewa lafiya, ina ta jin daɗi.

Rannan da tsakar rana na taso daga biro, na iso mararrabar, sai na hango shi a wancan gefen da ganyen salati a hannu. Shi ma ya gan ni. Ya ɗaga mini salatin, ya yi murmushi. Wuta ta yi ja, ƙananan motoci suka tsaya, ya sako ƙafa a titi, yana tafiya a natse, kansa a sama, yana so in ga ya iya.

A ƙafafuna na fara jin kwalta tana girgiza. Na waiga hagu, sai ga kamiyo ya ratso ta gefen motocin da suka tsaya, ko alamar rage gudu babu.

"Baba! Ku koma! Baba!"

Ƙarar kamiyon ta haɗiye muryata. Na ga kafaɗarsa ta motsa, na san ya ji motar, kunnen nan nasa ba ya kuskure. Amma bai waiga ba. Ya ƙara kafa wa wutar ido, ya ci gaba da takunsa ɗaya-ɗaya.

Direban ya murɗe kan motar. Gefenta ya fizgi rigar Baba ya maka shi a kan kwalta. Buhu ɗaya ya faɗo ya fashe, jar dawa ta watsu a titi, kamiyon ya yi gaba abinsa. Kafin in kai wurin mutane sun cika titin, mata na kwasa a zane, maza a hula, suna tsallake mahaifina. Ban zarge su ba, amma ban manta ba.

Yana da rai. Hannu ya karye, goshi ya fashe. Na miƙe na nufi ɗan sandan, bakina cike da zagi. Ya dube ni ya ce a hankali, "Madam, ki gode wa Allah, ki ɗauki tsohonki. Ke ma'aikaciya ce, ko?" Ni mai bakin nan da ake tsoro a biro, sai na haɗiye maganata.

Baba bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ma ya faɗa. Bai sake fita ƙofar gida ba, ko masallaci. Ranar da aka kwance masa ɗori ya ce zai koma gida. Na yi faɗa, na yi kuka, na durƙusa na kama ƙafarsa, na ce babu abin da zai tarar a can sai ƙasa.

Ya ce, "Ɗiyata, can ko mutuwa ce za ta zo, na san ta inda take ɓullowa. Nan ban sani ba."

Ya tafi da rabin buhun gero da na tilasta masa, aka ce a sati guda ya rabar wa maƙwabta. Saura wata ɗaya ruwa ya sauka wani ɗan garinmu ya zo har gida ya yi mana gaisuwar rasuwar Baba. A ranar akwai buhun shinkafa a ɗakina, ko buɗe shi ba a yi ba.