Ranar da na ce "Kawu"

Duk wanda ya ga tabon da ke saman girata ta hagu a unguwarmu, labari ɗaya yake bayarwa: wai yarinyar nan mai zuciya ce, ita kaɗai ta faɗa kan ɗan'uwan uwarta ta kare shi ranar da samari suka zo da sanduna. Wasu da yabo suke faɗa, wasu da taɓe baki. Dukansu sun yi kuskure. Na faɗa ɗin, gaskiya ne, amma wannan ƙarshen labarin ne. Farkonsa babu wanda ya sani sai su samarin da matan da ke tsakar gidanmu ranar, matan kuwa sun rufa mini asiri har rufin ya ishe ni.

Shekarun baya ne, shekarar da damina ta ƙi mu a Tawa. Kafin in kai can, bari in faɗa muku ko wace ce.

Mahaifiyata tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Namiji aka haifa, an yanka rago da sunan maza. Gari yana cewa ɗan daudu. Mu a gida Inna Ƙarama muka tashi muna cewa, kuma "ke" ake ce mata, har mahaifiyata. Ni ma "ta" zan ce a rubutun nan. Wanda abin ya tsaya wa a wuya ya sha ruwa.

Tuwo da miya take sayarwa a bakin tashar mota. Idan za ta fita sai ta sa taguwa ta ɗaura zane a kai, idan ta shigo gida ta ɗaura kallabi. Ita ta goye ni shekarar da mahaifiyata ta yi dogon ciwo, ita take mini kitso har na shiga lakol, wato makarantar boko. Kada ku ɗauka waliyyiya ce. Bakinta ya fi nawa kaifi. Na taɓa jin ta ce wa wani direba da ya yi ƙorafin nama, "Wanga bakin naka ko raƙumi anka yanka maka cewa za ka yi ɓera ne."

A aji biyu na kwaleji abin ya lalace tsakaninmu. Wata 'yar ajinmu ta gan ni ina karɓar kwanon tuwo a tasha. Washegari ina shiga aji ta karya wuya, ta tafa hannu, ta ce, "Ahayye, ga ɗiyar Inna!" Aji ya fashe da dariya. Na mare ta, aka kore ni kwana uku. A cikin kwana ukun nan na yanke wa kaina hukunci irin na mai shekara goma sha huɗu: daga yau Kawu ne, kuma "kai" ne.

Ranar da na fara faɗa a gabanta tana tsefe mini kai. Hannunta ya tsaya. Can ta ce, "To, madam ta raɗa mani sabon suna, ba ko goro." Ta ci gaba da tsifa. Ba ta sake tayar da maganar ba, kwanon tuwona ma bai daina zuwa ba. Ni kuwa na ɗauka ilimi ne ya shige ni.

Shekarar da aka yi farin na gama kwaleji, ina zaune gida ina jin kaina. Mahaifina ya tafi cin rani kurmi, da ya ji babu ruwa bai dawo ba. An yi shuka sau biyu ta ƙone. Mutanen arewa suka cika bayan gari da tantuna da 'yan awakin da suka rage musu. Maza sun fita roƙon ruwa sau uku. Kullum hadari zai haɗu da la'asar, baƙi ƙirin, har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi.

Daga nan magana ta juya. Aka daina tambayar yaushe ruwa zai zo, aka koma tambayar wa ya riƙe shi. Kowa kuma ya san inda ake nuna yatsa: matan da ke zaman kansu, da 'yan daudu. Aka ce wai umarni ya zo daga sama a tsabtace gari. Ban taɓa ganin takardar ba, kuma lokacin mulkin soja ne, babu mai cewa a nuna masa takarda.

Akwai wata al'ada a wajenmu. Idan roƙon maza bai kawo ruwa ba, mata sukan fita nasu. Sai su sa rigunan mazansu da wanduna da huluna, su ɗauki ƙorai suna kaɗawa, su zaga gari suna roƙon Allah. Ranar da nake ba ku labari, a tsakar gidanmu matan unguwa suka taru suna shiri.

Ni ina famfo tun azahar. Awa uku a layi, na samo rabin bokiti. A can na ji ana cewa an fasa tukwane a tasha, an kama wasu, wasu sun gudu. Ku riƙe wannan. Na ji, kuma na gane.

Da na iso gida na tarar da samari shida a ƙofa, kowa da sanda. Babbansu na san shi sarai, mai ɗora kaya ne a tasha, bai da wurin cin tuwo sai wajen Inna Ƙarama. Mahaifiyata ta tare bakin zaure da jikinta.

"An ce nan ya shigo," in ji shi.

"Gidan matan aure ne," in ji ta. "Maigida na kurmi. Babu namiji ciki ko ɗaya. In ka taka zauren ga, gobe ka yi bayani gaban mazansu."

Ya ja da baya. Biyu daga cikinsu har sun juya. Namiji baligi ba ya shiga cikin matan mutane, ko mahaukaci ya san wannan.

Na raɓa na shige. Tsakar gida cike da mata cikin rigunan maza. Maƙwabciyarmu, mace mai jiki, tana kokawa da wandon mijinta da ya tsaya mata a cinya, tana cewa, "Shekara ashirin ina ciyar da mutumen ga, ashe tsinke nike aure." Dariya suke yi da ƙarfi, fiye da yadda maganar ta kai. Daga baya na gane da gangan ne, don na waje su ji babu komai. A kusurwa kusa da turmi, tsakanin tsofaffi biyu, ga Inna Ƙarama a zaune, an lulluɓe ta da mayafin mahaifiyata, ƙafarta ɗaya na jini.

Zan so in ce baki ne ya kuɓuce mini. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka. Amma na gaji, kaina na ciwo, na ga sanduna a ƙofarmu, kuma duk haushin da na tara tun aji biyu ya taso mini lokaci guda. Na dire bokiti na ce, da muryar nan tawa da ake ji daga bakin titi:

"Kawu, kai kuma mi ya kawo ka cikin mata? Ba ka ga masifar da ka jawo muna a ƙofa ba?"

Maƙwabciyarmu ta toshe mini baki da tafin hannu. Darnin gidanmu na kara ne, awaki sun cinye rabinsa. Na ji muryar babban samarin nan tas:

"Kun ji? Ɗiyar gidan ta hwaɗi da bakinta. Akwai namiji ciki."

Kalmar ce ta buɗe musu ƙofa. Mahaifiyata ta ce babu namiji, ni na ce akwai. Suka ture ta suka shigo.

Da suka ga tsakar gidan sai suka yi turus. Sun zo neman namiji cikin kayan mata, sun tarar da mata goma sha wani abu cikin kayan maza. Maƙwabciyarmu ta gyara hular mijinta, ta riƙe wando da hannu ɗaya, ta ce, "Namiji kuke biɗa? Ga mu nan, ku zaɓa." Ɗaya daga cikinsu har ya yi dariya. Babbansu bai yi ba. Ya nufi tsofaffin nan ya kama mayafin ta farko zai fizge.

Inna Ƙarama ta miƙe da kanta. Ta ninke mayafin ta ajiye a kan turmi.

"Sake ta, jikanta ya girme ka," ta ce. "Ga ni. Mu tahi waje, kada ku zubar wa mutane da ruwa."

Ba ta dube ni ba.

A ƙofar gida suka yi. Ba zan ba ku lissafin dukan ba. Ta ɗaga hannun dama ta kare kanta, na ji ƙarar ƙashin. A nan ne na ruga na faɗa kanta, sanda ta same ni a gira, jini ya rufe mini ido. Wannan shi ne jarumtakar da unguwa take labari. Masu kaki biyu suka iso, suka kori samarin da baki kawai, ita suka tafi da ita. Aka aske mata kai. Da safe aka zuba ta da sauran waɗanda aka kama a bayan kamyo, babbar motar kaya, har da wasu mata, aka sauke su nesa da gari, aka ce kada a sake ganin su. Ta lallaɓa har ƙauyen kakanninmu, wajen Takanamat. Mai ɗorin can ya ɗaure hannun, ya warke a karkace.

Bayan kwana goma aka yi yayyafi. Mutane suka ce, "Kun gani?" Gero bai kai ko gwiwa ba ya bushe. Wannan karon babu wanda ya ce komai.

Shekara biyu na yi ban je wurinta ba. Na samu aikin buga takardu a wani ofis, na ce aiki ne ya riƙe ni. Ranar da na je, na same ta a gindin murhu tana ƙoƙarin tuƙa tuwo da hagu. Gashinta ya tsiro, da furfura. Na durƙusa, kuka ya ƙwace mini kafin in gaida ta.

"Ke, in kuka kika zo yi, an yi mani shi tuni," ta ce. "Kama muciya."

Na kama. Ina tuƙi na ce, "Inna, baki ne ya kuɓuce mani."

"A'a," ta ce. "Ni na goye ki, na san muryarki in kin yi kuskure, na san ta in kina nufi. Haushina kika ji, kika hwaɗi. Ba ki san za su karya ni ba, wannan na yarda. Tsaya nan, kada ki ƙara, kada ki rage." Ta leƙa tukunya. "Gudaji kike yi mani. Haka anka koya maku a lakol?"

Ban taɓa jin sauƙi kamar na ranar ba. Duk wanda ya san zancen yana lallashina, ita kaɗai ta ƙi.

Da zan tafi na tambaye ta abin da take so in aiko mata. Na zaci magani za ta ce, ko zane. Sai ta ce, "Nan kowa na da kirki. Sai dai shiru ya yi yawa. Babu direban da zan zaga. Har yanzu motar Konni nan gindin iccen bedi take lodi?" Na ce eh. Ta ce, "To." Ba ta ce in mayar da ita Tawa ba. Ba za ta taɓa cewa ba.

Na sha tunanin ranar nan. Matan da suka ɓoye ta, babu wadda ta taɓa zama a aji. Ba su yi mahawara a kan ko ita mece ce ba, sun matsa mata wuri kusa da turmi kawai. Ni mai takarda ce na tsaya gyara musu nahawu. Su ma samarin, ban ce shaiɗanu ne ba. Yunwa suke ji, iyayensu sun yi asarar shuka, suna neman wanda za su doka wanda babu mai tambayar su dominsa. Har yau ina haɗuwa da babbansu a tasha. Yakan gaishe ni, idonsa a ƙasa. Nakan amsa. Ban fi shi da komai ba sai dai ni ban riƙe sanda ba.

Yanzu an sa ranar aurena, bayan kaka. Jiya mahaifiyata ta ce za a aika wa Inna Ƙarama goro da nata rabon abinci har ƙauye. Na ce ba za a aika ba.

"Dangin mijinki za su yi magana," ta ce.

"Su yi. Wa zai tsaya kan tukwane? Ke da miyarki ke rabuwa da ruwa?"

"Marar kunya. In wani abu ya same ta fa?"

Wannan tambayar ce ta gaskiya, kuma ba ni da tabbacin amsarta. An yi damina uku masu kyau, gari ya huce, amma na ga yadda yake tashi. Shi ya sa ba ni zan yanke mata ba. Na gaya wa wanda zan aura komai, har da abin da na faɗa a tsakar gida. Ya ce in ta zo, shi zai tarbe mu a tasha.

Ran Lahadi zan shiga motar Takanamat. Zan gaya mata gaskiyar yadda garin yake, mai daɗi da marar daɗi. In ta ce a'a, a ƙauye za a yi girkin aurena, dangin miji su sha ƙurar hanya. In ta ce eh, zan sa ta gidan gaba kusa da direba, mu shigo Tawa da rana tsaka, ta zauna kan kujera a gaban tukwane tana ba da umarni, ni ina tuƙa mata.