Mai Ƙusa da Benen Surukinsa

A ofishin duba gine-gine kowa da kayan aikinsa. Shi nasa ƙusa ce 'yar inci shida a aljihun gaba, shi ya sa ake ce masa Mai Ƙusa. In ya je wajen gini ba ya yawan magana. Zai kankari bulo, ya kankari ginshiƙi, ya murza garin a yatsa. In siminti ya ji, ƙusar ce za ta yi ƙara. In yashi ya yi yawa, ginin ne zai zubo. Shekara ashirin da bakwai yana haka.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, ita kuma ɗan kwangila take aure. Wata rana aka miƙo masa fayil ɗin wani bene mai hawa uku, sai ga sunan surukin nasa a kai. A ƙa'ida mayarwa zai yi a ba wani. Bai mayar ba. A ransa ya ce gara shi, ko da gyara sai a yi a rufe.

Zuwansa na farko surukin ya tarbe shi da kujera da ruwan sanyi.

"Baba, kai da kanka? Zauna a inuwa, kada ka ɓata takalminka."

Leburori na kallo. Ya ji nauyin ciro ƙusa a gaban mijin 'yarsa, kamar ya ce masa ɓarawo. Ya sa hannu ya tafi.

Sai da aka kai hawa na biyu ya koma, surukin ba ya nan. Ya kankari ginshiƙin ƙasa, ƙusar ta shige kamar a sabulu.

"Ni dai abin da aka ba ni nake kwaɓawa," in ji birkila, ya kawar da kai.

Ya rubuta a dakatar da aikin. A ƙasan takardar ya ƙara cewa mai aikin surukinsa ne, kuma sa hannun farko shi Mai Ƙusa ya yi bai duba ba.

"Wa ya tambaye ka wannan? Goge," in ji shugaban ofis.

Bai goge ba. Bayan wata biyu aka ce ya je gida ya huta.

'Yar ta zo sau ɗaya, ko zama ba ta yi ba.

"Haba Baba, da ka kira shi gefe mana. Yanzu da wane ido zan kalli danginsa?"

Daga ranar ta ɗauke ƙafa, jikoki ma aka daina kawo su. Ya koma shi da rediyo, kullum yana share ɗakin da suke sauka, wanda yanzu babu mai shiga.

Ranar da aka zo rushe benen yana tsaye a tsallaken titi. Wata mota ta rage gudu kusa da shi, gilashi ya sauka rabi. Ita ce.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna nan." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka rame."

Motar baya ta matsa hon, 'yar ta ja ta wuce. Ya kama hanyar gida a ƙasa, a hankali, yana ta juya wannan "ka rame" a ransa.